Guntayen da Na Sa Ka Yanke

Highbridge, Bronx

Zuwa ga ɗana Iliya,

Babana, gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka tsaye da ƙafafunka, ya tsare ka a hanyar da za ka kama, ya sauke ka lafiya a California, ya ba ka farin jini wurin ɗaliban da za su riƙa kiranka farfesa. Amin.

Da Hausa na rubuta, kuma da gangan. Na san sai ka bi ta da yatsa kamar ɗan aji biyu, to ka bi. Tun kana yaro da muka sauka garin nan nake yi maka Hausa kana mayar mini da Turanci, ina ƙyale ka. Yau ba zan ƙyale ba. Turancina na asibiti ne, na lallashin marasa lafiya, ba ya ɗaukar fushi. Ni kuwa fushi nake yi da kai.

Ranar Lahadi ka zo yi mini sallama. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miya da kukar da aka kawo mini daga Wusasa, ka ce a dakata tukuna. Agogon hannunka ya yi ƙara, ka tashi ka shiga banɗaki da 'yar jakarka, ka fito ka yi ta ɗirkar ruwa kofi bayan kofi, ka zauna kana satar kallon agogo, sai da tuwo ya huce sannan ka wanke hannu. Babana, ni nas ce. Ni nake zagawa da tire ina raba sababbin magungunan nan na ƙanjamau, ni nake gaya wa masu sha kada su ci komai sai an jima, su sha ruwa da yawa saboda ƙoda. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, na ga wuyan rigarka ya yi maka yawa. Kana ɗauke da ciwon nan. Likitanka ya sani, abokanka sun sani, ni kaɗai aka mayar sakarya. Da na tambayi lafiyarka ka ce mini, "I'm fine, Mama." A bakin ƙofa kuma ka ƙara da cewa in wani abu ya taso, akwai wata abokiyar aikinka da za ta buga mini waya. Wato in ka kwanta, bare ce za ta zauna a kanka, ni kuma a sanar da ni in an gama.

Ba rashin aiki ne ya kore ka daga New York ba, kada ka raina mini hankali. Ka zaɓi jami'ar da ta fi kowacce nisa da ni don kada in ga kwanciyarka, don ka riga ka yanke hukunci cewa ko na gani ba zan zo ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kana da hujja. Ni na ba ka ita da hannuna. To bari in faɗi abin da na yi da bakina, kada ka tafi kana zaton ban san girman laifina ba, sannan ka ji abin da nake so.

Kyamarar farko marigayi babanka ne ya saya, ba don ya mayar da kai mai fasaha ba, sai don Kakarka da ke Wusasa ta riƙa ganin mu a talabijin ɗin maƙwabta. Sai muka tarar kaset ɗin Amurka ba ya yi a bidiyon gida, hoto ya yi ta tsalle babu kala, sai an juya shi zuwa irin nasu. Da ka shiga jami'a ka sami na'urar da ke juyawa, shi ke nan ka zama bawan kowa. Mutanen cocinmu na Soundview, 'yan kasuwar Nijar da ke ƙasan layinmu, har 'yan Zangon Ghana, duk mai suna, duk mai biki, duk mai godiya a coci, "a kira ɗan Rifkatu". Ka ɗauka, ka gyara, ka juya, a kai filin jirgin JFK a damƙa wa mai tafiya gida. Ni kuwa ina tafe ina hura hanci, ɗana ne ke haɗa mutane da iyayensu.

Ran nan ka zaunar da ni ka ce za ka nuna mini aikinka na kanka, ba na biki ba. Ka kunna, sai ga filin da direbobin tasi suke jiran layi a bayan filin jirgi. Wani yana gyangyaɗi bakinsa a buɗe, wani ya shimfiɗa kwali yana salla tsakanin motoci, kyamara ta tsaya a kan hannun wani tsoho bisa sitiyari ta ƙi tafiya. Ba kiɗa, ba magana, sai rugugin jirage. Na jira in ga inda za a fara, har ya ƙare. Na kwashe da dariya na ce wannan ai ɓarnar kaset ce, ina amarya, ina rawa, wa zai zauna yana kallon mutum yana barci. Ka cire kaset ɗinka ka sa a jaka. Daga ranar ba ka sake nuna mini komai ba. In an tambaye ni aikinka sai in ce kana aiki a talabijin, don in huta da bayani. Bayan shekaru, wata likita a sashenmu ce ta tare ni tana tambaya ko ni ce uwar mai bidiyon direbobin nan da ta gani a gidan nuna kayan fasaha, ta ce ya tuna mata da ubanta har ta yi kuka. Na yi yaƙe na ce ni ce.

Don haka ga shawarata, malam farfesa. Yaro zai zo ofishinka ya nuna maka abu na farko da ya yi da zuciyarsa. Wataƙila shirme ne, wataƙila kai ne ba ka gane ba. Kada ka yi dariya. Ka ce ya sake kunnawa, ka tambaye shi me ya sa ya tsaya a kan hannun nan. Gyara ba ya guduwa, gobe ma rana ce, amma wanda aka yi wa dariya sau ɗaya ba ya sake buɗe jakarsa.

Sai maganar Ramon. Ka lura na rubuta sunansa, abin da ban taɓa yi ba yana da rai. Shekarar da ka fara kawo shi gidan nan, wajen tamanin da bakwai, ka ce mini abokinka ne ɗan Puerto Rico, kuna haya tare a Manhattan. Ban kai ga ɗaga murfin tukunya ba na riga na gane. Na ga yadda ya cire maka zare daga kafaɗar riga ba tare da ya duba ba. Uwa ba ta bukatar tafinta a irin wannan. Namiji kake so, shi kake so, shi ma kai yake so. Na sani, ka san na sani, muka haɗu muka yi shiru. Ni na fake da kunyar ɗan fari, wai uwa ba ta shiga irin wannan zance da ɗanta na fari. Ƙarya nake yi, tsoro ne kawai, tsoron bakin matan coci da tsoron abin da za a kai Wusasa.

Yaron nan bai rage ni da komai ba. Ya koyi "ina wuni, Mama" yana faɗa da lanƙwasasshen harshe, yana durƙusawa har ƙasa don ka gaya masa haka ake yi a wurinmu. Shi ya gyara mini tagar ɗakin girki da mai gidan haya ya yi shekara yana mini alkawari. In an ci abinci shi ne a bakin famfo da soso, ina korarsa yana dariya. Duk Kirsimeti kuwa kai kana bayan kyamara kana ɗaukar kaset ɗin Kaka, shi yana shiga hoto yana fita, yana miƙa faranti, yana ɗaga wa Kaka hannu.

In baƙi sun watse sai mu zauna ni da kai mu duba abin da aka ɗauka kafin ka je ka juya. Duk inda ya bayyana sai in nuna da yatsa in ce, "Cire shi." Wata shekarar ma tun ana ɗauka na faɗa, yana tsaye da faranti a hannu, da Hausa, ina ganin ai ba ya ji. Ka ce mini ai faranti kawai ya miƙa. Na ce Kaka za ta tambaya wane ne wannan da ba ya rabuwa da gidanmu, me zan ce mata? Haka ka riƙa tafiya jami'a kana zama gaban na'ura kana yanke mutumin da kake kwana kake tashi da shi, da yatsunka, shekara bayan shekara. Ni ban ma ɗauki wahalar yin aikin da kaina ba, kai na sa. Kakarka ta rasu tana yi maka addu'ar samun mace ta gari, ba ta taɓa ganin fuskar wanda yake dafa maka abinci ba. Wataƙila da ta gani ta yi faɗa, wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta ce a gaishe shi. Ban ba ta dama ba, ni na yanke mata hukunci.

A kan wannan, ka ji ni da kyau. In Allah ya haɗa ka da wani a can, kada ka bari kowa ya sa ka ɓoye shi da hannunka, ko shugaban jami'a ne, ko fasto ne, ko ni ce. Mai son ya kau da kai ya kau da nasa. Ban ce na warware komai tsakanina da abin da aka koya mini tun ina yarinya ba, har yanzu ina kai kukana wurin Allah ina tambayarsa, kuma bai ba ni amsar da zan iya rubuta maka ba. Amma na san dai bai taɓa aiko ni in wulaƙanta yaron da ya durƙusa ya gaishe ni ba.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne ya fi duka muni. Lokacin da ciwon nan ya cika asibitinmu, ka san yadda aka yi. Masu kai abinci suna ajiye tire a ƙasa a bakin ƙofa su ja da baya, wasu ma'aikata suna neman a canza musu sashe. Ni Rifkatu ban gudu ba. Na wanke samarin da iyayensu suka ƙi ɗaga waya, na aske musu gemu, na ba su ruwa da cokali, na rufe idanun waɗanda ba su da mai rufewa. Har faɗa na yi da wata da ta sa safar hannu biyu don kawai ta miƙa wa mutum jarida. Ina alfahari da wannan, ina ba da labari a zumuntar mata, ana cewa Allah ya yi mini baiwar tausayi.

Sai Ramon ya kwanta. Ka kira ni kana tambaya yadda ake juya majinyaci don kada bayansa ya yi gyambo. Na tsaya a ɗakin girkin nan, wayar a maƙale a kafaɗata, ina yanka albasa ina karanta maka: ka naɗe zanen gado, ka sa matashi tsakanin gwiwoyi, ka shafa mai a duga-dugai. Ka sake kira kana tambayar yadda ake wanke bakin da ya cika da farin ƙuraje. Na gaya maka. Ka kira kana tambayar abin da za ka yi in ya ƙi haɗiya. Na gaya maka wannan ma. Jirgin ƙasa ɗaya ne tsakanina da ku, wanda nake shiga kullum. Hannuwan da suka iya aikin suna nan suna yanka albasa, kai da ba ka taɓa yi wa jariri wanka ba kana can kana fama da ƙato kai kaɗai. Ba ka ce in zo ba, ni ma ban ce zan zo ba. Na san kana jira in faɗa.

Ka san abin da ya hana ni? Maman Talatu, shugabar zumuntar matanmu, 'yarta tana aikin kula da wata tsohuwa a layinku. Ina tsoron ta gan ni ina shiga ginin. Wannan ne kawai. Ba aiki ba ne, ba gajiya ba ce, ba ma addini ba ne. Baƙi a asibiti ba su da suna a Soundview, jinyarsu lada ce da yabo. Jinyar Ramon kuwa amsa laifi ce a gaban jama'a, cewa na san abin da ɗana yake. Ranar da aka binne shi na karɓi aikin wata na ce mata ta je ta huta, don in sami abin faɗa maka. Na aika maka da kular abinci ta hannun direban tasi.

Ina fushi da kaina, amma ba ni kaɗai zan ɗauki kayan nan ba. Ba a yi sati da binne shi ba Maman Talatu ta kira ni. Ba gaisuwa, ba "yaya haƙuri", alhali labari ya riga ya zaga. Ta ce, "Rifkatu, ki tuna wa ɗanki kaset ɗin sunan jikata, mai tafiya zai tashi ranar Asabar." Kuma ka yi musu. Ka tashi daga zaman makoki ka je ka juya musu kaset. Da ka kai gidan da kanka, aka ba ka ruwa a kofin roba, da ka miƙa hannu za ka ɗauki jaririyar aka ce barci take ji. Ina wurin, na ga an ɗauki kofin da tsinin yatsu an jefa a kwandon shara. Mutanen da fuskokinsu suka isa ƙauyukansu ta hannunka, waɗanda iyayensu suka ga jikokinsu kafin su mutu saboda kai, suka ci moriyar ganga suka yar da kwauronta. Cikin duk masu jin Hausa a garin nan, mutum ɗaya ya taka ya je yi maka gaisuwa, Malam Isuhu mai shagon ƙasan gidanmu, Musulmi ɗan Maraɗi. Da ya dawo ya ce mini shi bai san zancen duniya ba, amma an yi mutuwa a gidan yaron da ya yi masa alheri, kuma ba a barin mai makoki shi kaɗai. Na sayi madarata na hau sama ban iya haɗa ido da shi ba.

To ka riƙe wannan. Alheri ka yi ta yi, ban hana ka ba, amma ka daina saye wa kanka wurin zama da wahalarka. Wanda zai karɓi aikin hannunka ya jefar da kofin da ka sha ruwa, ba ɗan'uwanka ba ne ko da Hausarsa ta fi ta Kano daɗi. A jami'ar ma za ka same su, da kwat da murmushi. Za su sa ka a gaban hoto duk lokacin da suke so a ga suna da baƙar fata, su jibga maka kowane kwamiti, ranar da jikinka ya ƙi su fara duban wanda zai gaji ofishinka. Ka koyi cewa a'a tun kana da ƙarfin faɗa. Ka nemi mutum biyu ko uku irin Malam Isuhu, ka riƙe su da kyau.

Yanzu kuma naka laifin, don kai ma ba ka fita ba. Bara ka turo mini kati cewa za a nuna sabon aikinka a wani ɗaki a can ƙasan Manhattan. Ba ka gaya mini ko mene ne ba. Na ɗaura zanena mai kyau na je ba tare da na sanar da kai ba, ina cewa yau dai zan gyara dariyar da na yi wa direbobi. Na shiga ɗaki mai duhu, Turawa tsaitsaye da kofunan giya, bango guda ya zama talabijin. Sai ga ɗakin girkina. Ga labulena, ga tukunyata mai karyayyen hannu, ga Ramon yana miƙa faranti. Ashe a sana'arku abin da aka yanke ba ya ɓata, yana nan a kaset na asali. Ka tattara duk guntayen da na sa ka cire, ka jera su bi da bi. Ramon yana dariya, Ramon yana ɗaga wa Kaka hannu, Ramon ya fara ramewa, rigar sanyi ta yi masa yawa, yana dai wanke kwanukana. Tsakanin kowane guntu da na gaba sai bango ya yi baƙi, a ji muryar mace tana cewa, "Cire shi." Ka rubuta fassarar a ƙasa da fararen haruffa don kowa ya gane.

Na nemi benci na zauna. Wata tsohuwa gajeriya mai furfura tana gefena, ta dubi zanena, ta dubi fuskata, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce da Turancinta mai nauyi, "Ke ce mahaifiyar Iliya. Ni ce mahaifiyar Ramon." Na jira ta tofa mini yawu, da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta dafa gwiwata ta ce ɗanta yana son miyata ƙwarai, har kwanakinsa na ƙarshe da ba ya iya haɗiye komai yana zancen koriyar miyar nan mai yauƙi. Na tashi na fita, na yi ta tafiya a ƙasa ban san inda nake sa ƙafa ba, har na wuce tashar jirgi.

Ban ce ka yi ƙarya ba. Ko kalma ɗaya ba ka ƙara mini ba, muryata ce, ɗakina ne. Aikin kuma ya yi kyau, wannan karon na gane shi sarai, ba sai likita ta yi mini bayani ba. Amma Babana, ka iya tsayar da ni tsirara gaban baƙi masu shan giya, ba ka iya zama a kujerar nan ka dube ni ka ce, "Mama, kin cuce ni" ba? Shekara nawa kana cin tuwona kana cewa komai lafiya? Da ka yi mini ihu, da ka fasa mini faranti, da na san ina da ɗa mai fushi da ni, in san ta inda zan fara. Sai ka kai ƙarata wurin bango. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shirun nan nawa ne ka gada, ka kai shi makaranta ya sami digiri. Ni na yi shiru da albasa a hannu, kai kana yi da kyamara a kafaɗa, ana tafa maka.

Ka gaya wa ɗalibanka, kai ma ka ji: kyamara ba ta maye gurbin baki. In wani ya ɓata maka, ka fara kai masa maganar a fuskarsa, ya ji zafinta daga gare ka, ya sami damar ya kare kansa ko ya durƙusa. Bayan nan ka yi bidiyonka, ba mai hana ka. Kuma abin da kake yi mini yanzu, ka duba shi da idon sana'arka. Ka zauna ka tsara rayuwar da ta rage maka, ka zo daidai inda uwarka take, ka yanke. Na san hannun da ya koya maka, amma ka fi kowa sanin yadda abin yake ga wanda aka yi wa.

Ga ƙananan abubuwa kafin in manta, don na san halinka in aiki ya ɗauke maka hankali. Maganin nan ba a yi masa wasa, ba a tsallake lokaci don ana taro ko don kana jin kunyar a gan ka. Ka fita daga aji ka sha, duniya ba za ta tashi ba. Ina ganin mutanen da muka cire rai da su suna tashi suna neman abinci tun da aka fara ba da shi, don haka kada ka je can ka zauna kana shirin mutuwa kamar wanda aka ba takardar sallama. Ka nemi likita tun satin farko, ba sai ka ji zazzaɓi ba. Ka ci abinci na gaske, kofi da biskit ba abinci ba ne. Na ɗaura maka kuka da daddawa da yaji, suna wurin Malam Isuhu, ka biya ka karɓa ko da ba za ka hau sama ba. Maganar ciwonka kuma taka ce, ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba sai ka ce. Amma ka sani na ajiye muƙamina a zumuntar mata. Da Maman Talatu ta tambaye ni dalili a gaban mutane, na ce mata ina da ɗa, kuma na gaji da zama inda ake jefar da kofinsa.

Ban rubuto don ka yafe mini ba. Yafiya ba a roƙonta ta gidan waya, kuma wanda ya fi cancanta in roƙa yana ƙarƙashin ƙasa. In ka ga dama ka riƙe fushinka har ƙarshen rayuwata, haƙƙinka ne, zan ɗauka. Abu ɗaya nake nema, shi ma ba roƙo nake yi ba. Ranar da jikinka ya rikice, ko zazzaɓi ne na kwana ɗaya, ni za ka kira, da bakinka, kafin abokiyar aikinka, kafin kowa. Ba sai ka yi mini magana mai daɗi ba, ba sai ka ce Mama ba ma. Ka ce, "Zo." Zan ajiye duk abin da ke hannuna in hau jirgi. In ka ga dama ka juya fuskarka bango har in gama, kada ka ce mini sannu. Amma ba zan sake tsayawa a ɗakin girki ina karanta wa wani yadda ake juya majinyaci ta waya ba. Na wanke 'ya'yan mutane har ban san adadinsu ba, na ƙi wanke wanda ya kamata. Ba za ka hana ni nawa ba.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka. Ya tsare ka a sama, ya tsare ka a ƙasa, ya sa maganin ya karɓi jikinka, ya ba ka tsawon rai har ka yi furfura ɗalibanka su riƙa yi maka dariyar tsufa. Ya haɗa ka da masu riƙe ka da hannu biyu. Ya ba Ramon hutawa, ya ta'azantar da mahaifiyarsa. In kuwa ya ƙaddara akwai kwanciya a gabanka, ina roƙonsa ya bar ni da rai da ƙarfin hannu har ranar, ya kuma taurara mini zuciya in iya. Amin.

Ni ce mahaifiyarka,
Rifkatu